Yadda na tayar da rediyon Goggo mai kwalabe

Gyaran kwamfuta ba shi ne sana'ata ba. Koyarwa nake yi a wata makarantar sakandare a nan cikin Bauchi, amma in na taso, ko ranar Asabar da hantsi, nakan shiga shagon ƙofar gida in zauna da sukudireba da mitar auna wuta da ƙarfen liƙi, in buɗe kwamfutocin dangi da abokai. Canza batirin agogo, kakkaɓe ƙurar fanka, cire kafasitar da ta kumbura ('yar na'urar nan mai tara wuta) a sa wata, irin wannan dai. To, mutanenmu da zarar sun ga ka taɓa gyara abu ɗaya mai waya a jiki, daga nan har dutsen guga kai za a kawo wa. Ta haka rediyon Goggo ya zo hannuna.

Akwatin katako ne, tsawonsa ya ɗara kamu guda, ga nauyi. Sama yadi ne da ya rufe lasifika, ƙasa kuma dogon gilashi mai sunayen birane, Landan, Paris, Alƙahira, Delhi, da layukan mita 49, 41, 31, 25, 19 da 16. Tambarin kamfani ya faɗi tun tuni, sai ramukan ƙusoshinsa. Na marigayi mijinta ne, ma'aikacin reluwe, wanda ya saye shi na hannu a Jos, ya taho da shi lokacin da aka dawo da shi Bauchi bayan layin dogo ya iso garin a 1961. Tun ina yaro a saman kabad nake ganinsa, ban taɓa jin muryarsa ba.

"Ɗan nan, in zai gyaru a gyara," in ji Goggo. "In ba zai gyaru ba ka dawo mini da abina. Kada ka bari 'yan gwangwan su ɗora ido a kansa."

Ƙanena da ya ɗauko shi bai gama ajiyewa ba ya fara warware waya. "Yaya, bari mu jona mu ji ko yana yi." Na riƙe hannunsa. Wannan jonawar ta "mu gani" ita ce ajalin yawancin tsofaffin rediyoyi. Abin da ya yi shekaru arba'in ko hamsin ba a kunna shi ba, in ka sakar masa wuta gaba ɗaya, kafasitocin da suka bushe sai su zama kamar waya miƙaƙƙiya, taransifoma, mai ɗaga wuta da sauke ta, ta ɗauki zafi, kafin ka kai hannu soket hayaƙi ya tashi. Kafasita ana samunta. Taransifomar irin wannan rediyon kuwa babu shagon da ke sayar da ita.

Akwai kuma batun ranka. A cikin kwamfuta, in ka bar akwatin wutarta a rufe, abin da ke yawo a kan allo bai wuce bolt 12 da 5 da 3.3 ba, kana iya taɓawa da hannu. Rediyo mai kwalabe, wato irin na da wanda 'yan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila ke ƙarfafa masa sauti, da bolt 250 yake aiki, wani wurin har ya haura, kuma a fili suke, a kan wayoyi tsirara. Ko an zare fulogi manyan kafasitoci suna iya riƙe wuta. Wanda ya saba da kwamfuta hannunsa ya saba da sakaci, sai ya sake tarbiyyarsa.

Na kwance bangon baya, wani kwali mai tauri mai ramukan shan iska. Kafin in taɓa komai sai da na ɗauki hotuna da waya ta kowace kusurwa, sama da ƙasa, musamman yadda zaren da ke jan allurar neman tasha ya nannaɗe a kan ƙafafunsa. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta ta zama kamar bargo, ga kashin ɓera, ga gidajen zanzaro na laka har a jikin taransifoma. Da busasshen burushin fenti da abin hura iskar da nake share kwamfuta da shi na yi aikin. Gidajen zanzaro kuwa da tsinken sakace na farfasa su a hankali, don ɗaya ya ginu ne a tsakanin faifayen kafasitar neman tasha, waɗancan siraran faifayen alminiyom da ke shiga cikin juna in ka murɗa. In ɗaya ya lanƙwashe ya taɓa ɗan uwansa, tasha ta ɓace.

Abubuwa uku na hana kaina. Ban goge jikin kwalabe da jiƙaƙƙen tsumma ba, domin lambobinsu da ruwa kaɗan suke fita. Ban wanke bayan gilashin tashoshi ba, domin rubutun fenti ne a kansa, in ya tafi ya tafi. Sannan ƙananan sukurorin da ke cikin gwangwanayen alminiyom da na jikin koyil-koyil, ban murɗa ko ɗaya ba. Masu karambani suna ganinsu kamar sun kwance sai su ɗaure, alhali saiti ne da aka yi a masana'anta da na'ura.

Kwalabe shida na samu: ECH81, EF89, EBC81, EL84, EZ80 da EM80. Waɗannan haruffan ba ado ba ne, tsari ne da kamfanonin Turai irin su Philips da Mullard suka bi. Harafin farko yana faɗin wutar da zaren dumama kwalbar ke ci: E bolt 6.3 ke nan. Sauran haruffan aikin kwalbar ne: L mai tura sauti zuwa lasifika, Z mai mayar da wutar gida ta zama miƙaƙƙiya, M kuma koren idon nan da ke tsukewa in ka dace da tasha. Lamba tamanin da wani abu tana nufin ƙafafu tara. Ganin E da ganin babbar taransifoma ya kwantar mini da hankali, don yana nufin ƙarfen shasi, wato tiren da aka ɗora kayan rediyon a kai, a rabe yake da wutar gida. EL84 kuma ta ba ni shekaru: a 1953 ta fito, saboda haka rediyon bai girme wannan shekarar ba. Sa'ar sashen Hausa na BBC ne kusan, wanda ya fara watsa shiri a watan Maris na 1957.

Kowace kwalba akwai wani tabo mai sheƙi kamar madubi a cikin gilashinta. Sinadari ne da aka fesa don ya shanye ragowar iska. Muddin yana sheƙi, kwalbar a rufe take. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, sai jefarwa. Duka shidan suna sheƙi. Na sa mita a ƙafa ta 4 da ta 5 na kowace, inda zaren dumama yake, duk ba wanda ya tsinke. Daga nan na auna taransifomomi biyu, ta wuta da ƙaramar da ke ciyar da lasifika. Waya ba ta katse ba a kowace, ba ƙauri, ba baƙin kaki da ya narko. A nan ne na san aikin ya cancanci a sa masa kuɗi. Da ɗaya ta ƙone, da sai in nemi masu naɗin koyil na fanka da injin ban ruwa, su kuma ba kowa ne zai yarda ya zauna da waya siririya kamar gashi ba.

Duk da haka zuciyata tana kan kwalabe, don ina ganin abu mai gilashi da ya tsufa haka dole shi ne matsala. Akwai wani dattijo a wata rumfa kusa da Kasuwar Wunti da ke gyaran talbijin da sitabilaiza, wanda aka ce mini da rediyo ya fara sana'a. Na naɗe kwalaben a tsumma, na haɗa da hotunan da na ɗauka, na je. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, tsorona kada a ce waɗannan sun mutu, don samun irinsu aiki ne."

Ya ɗaga EL84 ya juya ta a hasken rana, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunnensa. "Malam, kwalba ba ta mutuwa da zama. Aiki ne ke cinye ta. Wadda ta shekara da shekaru a saman kabad ai hutawa ta yi. Ba ni hoton ƙasan." Ya ja hoton da yatsu biyu ya faɗaɗa, ya nuna wasu 'yan dunƙule masu ruwan ƙasa, jikinsu duk kaki, ƙura ta manne musu. "Ga ɓarayinka nan. Kada ka tsaya auna su. Cire duka."

Kafasitocin takarda ne. Takarda da siririn ƙarfe aka nannaɗe aka tsoma a kaki. Shekara da shekaru damina tana zuwa tana wucewa, kakin ya tsattsage, takardar ta sha laima, sai su fara yoyo kamar tsohuwar randa. Dalilin da ya sa ya ce kada in auna shi ne, mitarmu ta hannu da batiri mai bolt 9 take gwaji, yoyon kuwa ba ya bayyana sai an ɗora ɗaruruwan bolt. Mita za ta ce lafiya lau, alhali ba lafiya.

A cikinsu akwai guda ɗaya da Baba ya zana mini a bayan kwalin sigari, ya zagaye ta sau biyu. Tana tsakanin EBC81 da ƙafa ta 2 ta EL84. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare babbar wuta. In ta fara yoyo, wutar sai ta ɗiga kan ƙafar da ke sarrafa EL84, kwalbar ta buɗe baki ta dinga jan wuta fiye da ƙima, ƙarfen cikinta ya yi ja, ƙaramar taransifoma ta dahu. Abin takaicin shi ne rediyon yana iya magana duk wannan lokacin. Mai shi yana murna ya tashi, bayan kwana biyu ya yi shiru har abada, a ce ai tsufa ne. Kafasitar da kuɗinta bai kai na kofin shayi ba ita ta kashe shi.

Neman kayan ya fi gyaran cin lokaci. Yaran da ke gyaran waya da masu sayar da kayan kwamfuta suna da kafasitoci buhu-buhu, amma masu bolt 16 da 25 da 50. In ka ce kana son mai 630 sai a dube ka. Wajen masu kayan talbijin na samu wasu, sauran kuma na ciro daga allunan tsofaffin talbijin masu ƙeya da na saya a hannun 'yan gwangwan da kuɗi kaɗan. Irin na roba da ke cikinsu ba sa tsufa kamar na takarda. Sai ka iya karatun lambobinsu: 103 ita ce maikurofarad 0.01, 223 ita ce 0.022, 473 ita ce 0.047. Inda tsohuwar ta ce 0.05 sai ka sa 0.047, rediyo ba zai san bambanci ba.

Manyan guda biyu masu tace wuta, waɗanda ke cikin gwangwani ɗaya a saman shasi, an rubuta musu 50 da 50 maikurofarad. A nan mai gyaran kwamfuta yake iya ruɗar kansa. Ina da matattun akwatunan wutar kwamfuta jibge a lungu, kowanne da manyan kafasitoci masu 330 ko 470, sai zuciya ta ce ai babba ya fi tacewa. Ba haka ba ne. Na farko, yawancinsu bolt 200 ne iyakarsu. Na biyu, takardar bayanin EZ80 ta ce kada kafasitar da ke bin ta ta wuce 50, don duk ƙarin girma ƙarin fizga ne a kan kwalbar. Cajar laftof tana da mai bolt 400 da girmanta ya yi kusa, amma ban yarda da abin da aka ciro daga matacciyar caja ba, sau da yawa shi ne ma ya kashe ta. Sababbi na saya, 47 masu bolt 450. Tsohon gwangwanin na bar shi a mazauninsa don kyan gani, na yanke wayoyinsa, na ɗaure sababbin a ƙarƙashi, ina duba ƙafar ƙari da ta ragi sau biyu kafin in liƙa.

Inda akwatin wutar kwamfuta ya yi mini rana shi ne wata kafasita da ke zaune kai tsaye a kan wayoyin wutar gida. Wannan gurbin ba kowace ake sa wa ba, sai mai alamar X2, wadda aka ƙera don jure bugun wutar gida ba tare da ta kama da wuta ba. Ɗan akwati ne rawaya ko toka-toka, kuma kusan kowane akwatin wutar kwamfuta na kirki yana da shi a bakin shiga.

Ɗaya bayan ɗaya na canza su. In cire guda, in sa sabuwa, in duba hoto, sannan in matsa gaba. Wanda ya zage ya cire duka a lokaci ɗaya zai zauna yana kallon wayoyi ashirin bai san gidan kowa ba. Tsohuwar dalma tana da taurin kai, sai ka ɗiga mata sabuwa kafin ta narke, ƙaramin ƙarfen liƙin da nake aikin kwamfuta da shi kuma bai iya da inda aka liƙa a jikin shasi ba, sai da na aro babba. Ƙananan kafasitoci na tangaran da ke kewaye da koyil-koyil ban taɓa su ba, ba su cika lalacewa ba, kuma saitin tashoshi a kansu yake. Rizistoci, masu rage gudun wuta, waɗanda zoben launi a jikinsu ke faɗin ƙarfinsu, na bi da mita. Irin na da in sun tsufa sama suke hawa, wanda ya wuce kashi 20 cikin ɗari na abin da launinsa ya faɗa na canza shi. Wayar wuta da robarta ke marmashewa na jefar, na sa mai igiya uku, na ɗaure ta ƙasa a shasi, na ƙara fis. A baya akwai wani mamurɗi na zaɓen ƙarfin wuta, yana kan 220, na mayar da shi 245. Tamu 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, gara rediyon ya ɗan ji yunwa da ya ƙware.

Sai kunnawa. Dabarar tsohuwa ce kuma ba ta da tsada: ka yanke waya mai wuta ka sa ƙwan fitila a tsakani, yadda duk abin da zai shiga rediyo sai ya bi ta cikin ƙwan. In akwai inda wuta ta haɗe, ƙwan zai haska sosai ya shanye bugun, rediyo ya tsira. In lafiya, zai ɗan yi haske ya dushe. Sharaɗin shi ne ƙwan ya zama irin na da mai zare, ba na zamani mai tsimin wuta ba. Na zaga masu kayan lantarki, kowa sai ya miƙo mini na zamani. A wajen masu sayar da kayan kiwon kaji na samu mai wat 60 da mai wat 100, don su har yanzu da shi suke dumama 'yan tsaki.

Na jira aka kawo wuta, don ban so in yi gwajin farko da janareta ba. Teburin katako, silifa a ƙafa, hannun hagu a aljihu, na kori yara daga shagon. Da farko ba kwalba ko ɗaya: ƙwan ko motsi bai yi ba, 'yan fitilun gilashin tashoshi suka kama, mita ta nuna wutar dumama tana nan. Na kashe, na mayar da kwalabe, na sake kunnawa. Ƙwan ya yi haske ya lafa, zaren kwalabe ya fara ja, bayan ɗan lokaci ƙwan ya sake ɗagowa kaɗan, alamar EZ80 ta dumama ta fara aiki. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Daga lasifika wani siririn gurnani. Na murɗa allura daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a kowane zango. Tsit.

A irin wannan hali daga lasifika ake farawa a yi baya. A bayan rediyon akwai ramuka biyu na jona garmaho. Na mayar da maɓalli kansu, na taɓa ɗaya da bakin sukudireba, lasifika ta yi wani ruri har na zabura. Ke nan ɓangaren sauti lafiya yake. Na cire ƙwan gwaji na ba shi cikakkiyar wuta, na auna EL84: ƙafa ta 2 sifili, yadda ake so, ƙafa ta 3 kimanin bolt 7. Rizistar da ke ƙarƙashinta om 150 ce, in ka raba sai ka samu wajen miliyamfa 46, daidai da abin da kwalbar ya kamata ta ci. Baba ya yi gaskiya, ko gezau ba ta yi ba.

Matsalar tana gaba, wajen kama tasha. Kusan duk rediyon wancan zamani tsari ɗaya suke bi, wanda Edwin Armstrong na Amurka ya fito da shi a 1918. Rediyon da kansa yana haifar da wani kaɗawa a ciki, ya gauraya shi da na tashar da eriya ta kamo, abin da ya fito ya zama kaɗawa mai sauri ɗaya tak a kullum, tsakanin kilohaz 450 da 470 gwargwadon kamfani, sai sauran kwalabe su ƙarfafa wannan kaɗai. ECH81 kwalba biyu ce a gilashi ɗaya, rabi mai haifar da kaɗawar, rabi mai gaurayawa. In rabin farko bai tashi ba, ko tashar tana bayan gidanka ba za ka ji ta ba. Na sa mita a ƙafa ta 8, inda ya kamata in ga kusan bolt 100. Babu komai. Na kashe, na sauke wutar manyan kafasitoci ta cikin rizista, na tabbatar da mita, na bi wayar. Rizista ce mai om dubu 33, zobe uku ruwan lemo a jikinta, a ɓoye ƙarƙashin maɓallin zango inda sai ka karkata shasi kake ganinta. A ido lafiya, a mita a katse. Na sa sabuwa mai wat 2, na fesa wa maɓallin zango maganin wanke mahaɗa na yi ta murɗa shi, na kankare ƙafafun kwalbar.

Da na kunna, ƙara ta cika shagon, amma ba ta tasha ba. Wani zuuu ne mai kaifi daga farkon gilashi har ƙarshe. Na ɗauka wani abu ne ya rage a ciki, har sai da na kashe ƙwan saman kaina don in duba hasken kwalabe, ƙarar ta ragu da rabi. Na zare cajar waya, ta ƙara raguwa. Na shiga gida na kashe inbatar sola, sai ga muryoyi suna ɓullowa. Wannan rediyon an ƙera shi ne a duniyar da ba ta da waɗannan abubuwan. Kowace caja mai arha da kowane ƙwan zamani ƙaramar tasha ce mai watsa hayaniya, kuma gajeren zango da matsakaici su ne suka fi shan wahalarta. Na gidanka kana iya kashewa, na maƙwabta kuwa sai haƙuri.

Abin da ya taimaka shi ne fitar da eriya waje. Na ja waya mai tsawon kamar mita 15 daga reshen dogon yaro zuwa taga, nesa da wayoyin wuta, na kafa guntun ƙarfe a ƙasa mai laima kusa da magudanar alwala, na haɗa shi da ramin ƙasa na rediyon. Da ƙarfe takwas da rabi na dare na kama sashen Hausa na BBC, koren idon ya tsuke, dishi-dishi don EM80 ita kaɗai ce ta gaji a cikin shidan. Sautin yana da kauri da ba na ji a ƙananan rediyoyin hannu, babbar lasifika ce a akwatin katako. Ƙanena ya tambayi me mita 49 ke nufi, na ce ya raba 300 da megahaz: kilohaz 6090 da iyayenmu suka san Rediyon Kaduna a kai, wato megahaz 6.09, in ya raba zai ga 49 ta fito. Da dare 49 da 41 ne suke cika, da rana sai ka hau 19 da 16, saboda yadda saman sararin samaniya da ke dawo da sautin tashoshi zuwa ƙasa yake canzawa da fitowar rana da faɗuwarta.

Zaren allura da ya ruɓe na canza da zaren masu ɗinkin takalmi, wanda ba ya miƙewa, ina bin hoto. Akwatin na goge da man katako kawai, ban kankare shi ba. Tashoshin FM da yawancin mutanen gari ke saurare yanzu ba zai kama su ba, ba a yi shi da wannan zangon ba. Na haɗa wata 'yar waya daga ramukan garmaho zuwa wayar hannu, duk abin da aka kunna a can sai ya fito ta lasifikarsa, karatu ne ko labarai.

Na mayar wa Goggo da shi tare da sitabilaiza da sharuɗɗa a takarda da na manna a gefe: kada a lulluɓe shi da mayafi yana kunne, don EL84 da EZ80 suna zafin da zai ƙona yatsa, kada a matse shi da bango, in hadari ya taso a zare eriya, in an ji ƙauri a kashe a kira ni. Batun mayafin sai da muka ɗan ja, don ta riga ta sa an yi masa na saƙa.

Da na koma yi wa Baba godiya da ɗan goro, sai ya jawo wani ƙaramin rediyo mai jikin roba daga ƙarƙashin benci ya ce in gwada hannuna. Na leƙa ta baya: UCH81, UL84, UY85, ba taransifomar wuta ko alama. Harafin U yana nufin an jera zaren kwalaben a layi ɗaya ana ciyar da su kai tsaye daga soket, kuma waya ɗaya ta wutar gida a jikin shasi take. In fulogi ya juya, duk ƙarfen ya zama bolt 230. Na ce, "Baba, ku ajiye mini shi tukuna." Na ba wani mai naɗin koyil aikin taransifomar da za ta raba ni da wutar gida, 230 shiga 230 fita, mai wat 100. Ya ce wayar da ta dace sai an kawo daga Kano, in dawo bayan Sallah.